Injin Wanki a Cikin Ɗaki: Abin da Ɗan Haya ke Saya a Birnin Niyok

Duk wanda ya taɓa yin sammako ranar Asabar a unguwar Bronx ta birnin Niyok ya san wannan ayari. Mata ne galibinsu, sai ɗaiɗaikun maza, kowa na tura ɗan keken ƙarfe da aka jibga wa buhunan tufafi, galan ɗin sabulun ruwa a sama, yara biyu ko uku na biye. Shagon wanki suka nufa, saurin da suke yi kuwa na riga wasu kama manyan injina ne. Ko a watan Janairu, lokacin da ruwan da ya kwana a bakin titi ke wayar gari ya zama ƙanƙara, ayarin ba ya fasa fitowa, domin ranar Litinin yara za su koma makaranta, iyaye su koma aiki.

A cikin ayarin akwai namu. Bronx da Harlem sun daɗe da zama masaukin mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya. Baƙon da ya sauka jiya, in ya huta gajiya ya tattara kayan da ya yi tafiya da su, yakan leƙa nan ya leƙa can, sannan ya ce: "Yaya, wai a ina kuke shanya?" Amsar da yake samu ita ce: "Ai ƙanena, a garin nan ba a shanya. Wankin ma fita ake yi da shi."

A inda ya baro, wanki harkar tsakar gida ce: baho da bokiti da igiya, sai rana da Allah ya hore kyauta. Mai hali ya ba mai wanki da guga. A Niyok babu tsakar gida, rana kuma ba kullum take leƙowa ba. Shi ya sa layi ɗaya a tallar gidan haya, wanda ke cewa akwai injin wanki da na busarwa a cikin fulat, yake iya ɗaga farashi, ya kuma sauya yadda iyali ke tafiyar da makonsu gaba ɗaya. Me ya sa abin da ya zama ruwan dare a gidajen Amurkawa na bayan gari yake wuyar samu a birninsu mafi girma? Kuma shin ya kai abin da ake ƙarawa a kansa?

Kashi uku na 'yan haya

Ƙidayar 2020 ta nuna Niyok na da mutum miliyan 8.8, kuma kusan kashi biyu cikin uku na gidajen birnin 'yan haya ne a ciki. Ta fuskar wanki, waɗannan mutane sun kasu uku.

Akwai waɗanda injinansu ke cikin fulat, yawanci a wani ɗan lungu mai ƙofa kusa da banɗaki ko kicin, an ɗora na busarwa a kan na wanki don a rage cin wuri. Akwai waɗanda gininsu ke da ɗakin wanki na tarayya, galibi a ƙarƙashin ƙasa, inda gidaje masu yawa ke rabon injina 'yan ƙalilan, ana biya da kati ko da sulalla. Sai kashi na uku, wanda ya haɗa da mazauna tsofaffin benaye masu hawa biyar ko shida da babu lif, waɗanda dole su sauko da kaya a kafaɗa su nufi shagon unguwa.

Masu talla sun san wannan bambanci sarai, kuma a nan ake yi wa baƙo shigo-shigo ba zurfi. Wata tallar takan ce akwai wanki, ta ja bakinta ta yi shiru, alhali ɗakin tarayya take nufi. Wata takan ce an tanadi wurin haɗa inji, ma'ana akwai famfo da magudana da soket, amma ɗan haya ne zai sayi injin, shi zai gyara in ya lalace, shi kuma zai san yadda zai yi da shi ranar tashi. Haruffan W da D da ake gani a shafukan neman gida irin su StreetEasy da Zillow na nufin injin wanki da na busarwa, sai dai mutum ba zai san inda aka ajiye su ba sai ya karanta abin da ke biye da su.

Gini ya girmi inji

Ɗimbin gidajen birnin an gina su ne tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1890 ɗan jarida Jacob Riis ya wallafa hotunan da suka tona irin ƙuncin da talakawan da suka yi ƙaura daga Turai ke ciki, kuma a 1901 aka kafa dokar da ta tilasta a sa taga a kowane ɗaki da makewayi a kowane sashe na sababbin gidajen haya. Babban ci gaba ne a zamaninsa. Amma maginan wancan lokaci famfon kicin da bahon wanka kawai suka yi wa lissafi. Da hannu ake wanki, a shanya a igiyoyin da aka ja daga taga zuwa wani dogon turke a bayan gida. Injin wanki mai sarrafa kansa bai shigo kasuwa ba sai 1937, lokacin da kamfanin Bendix ya fito da shi, an kuwa riga an binne bututai a cikin bango tun da daɗewa.

Matsala ta farko magudana ce. Famfon kicin a hankali yake zubar da ruwa, shi kuwa injin wanki in ya zo tsiyayewa, ruwa mai yawa yake turowa lokaci guda, haɗe da kumfa. Ƙa'idar gini ta yanzu na neman bututu mai faɗin inci 2 don wannan aiki. Tsohon bututun ƙarfe da tsatsa da maiƙo suka cike cikinsa shekara da shekaru ba zai iya haɗiye wannan ruwa ba, sai ruwan ya nemi mafita mafi kusa, wato kwamin wanke-wanken maƙwabcin da ke ƙasa. Mutum na zaune lafiya sai ya ga kumfar wankin wani na tasowa a kicinsa.

Ta biyu wuta. Soket ɗin gida a Amurka bolt 120 yake bayarwa, kusan rabin na Turai da na ƙasashenmu. Injin busarwa irin wanda Amurkawa suka saba da shi na bukatar ko dai layi na musamman mai bolt 240, ko bututun gas, kuma jan sabon layi tun daga ƙarƙashin ƙasa zuwa hawa na biyar aiki ne na fasa bango. Ta uku iska: injin busarwa na fitar da zazzafan tururi da burbushin zare, dole a huda musu hanya zuwa waje, lungun da ke tsakiyar gini kuwa ya yi nisa da bangon waje. Ta huɗu daɓe. Tsofaffin benaye a kan katako suke, in inji ya fara juyin matsa kaya, na ƙasa yana jin girgizar har a gadonsa.

Bayan waɗannan akwai lissafin aljihu. A yawancin gidajen haya na birnin, ruwa da ruwan zafi da ɗumama ɗaki suna cikin kuɗin haya, mai gida ne ke biya. Kowane inji da ɗan haya ya shigo da shi ƙari ne a kan kuɗin ruwan mai gida da na makamashin tukunyar dafa ruwa. Sau da yawa kuma ɗakin wanki na tarayya wata ƙofar samu ce gare shi, domin kamfanin da ya zuba injinan yakan ba shi kaso. A gine-ginen da mazauna suka mallaka tare, kwamitin gini yakan hana a sa wurin ruwa a saman falo ko ɗakin kwanan wanda ke ƙasa. Wanda ma aka yarje masa, sai ya nemo mai aikin famfo mai lasisi da izinin hukumar gine-gine.

Shagon unguwa

Giɓin da gidaje suka bari, kasuwa ce ta cike shi. A farkon ƙarni na 20, baƙi 'yan asalin ƙasar Sin ne suka riƙe wanki da guga a birnin, saboda wariya ta toshe musu ƙofar yawancin sana'o'i. A 1933 suka kafa ƙungiyar masu wankin hannu don su tunkari wata dokar birni da ke neman raba su da abincinsu. Shekara guda bayan haka, a 1934, aka buɗe wani shago a garin Fort Worth na jihar Texas inda mutum ke biyan hayar inji ya yi wankinsa da kansa. Bayan yaƙi, injina masu karɓar sulalla suka bazu a birane, har shagon wanki ya zama kamar mai shayi ko mai nika a wajenmu, kowace unguwa da nata.

Adalci ne a faɗi amfaninsa. A shago mutum na iya kama injina huɗu lokaci guda ya gama wankin mako biyu a zama ɗaya. Akwai manyan injina da ke ɗaukar bargo da labule da dardumar salla. Zafin injinan busarwarsu na kashe kuɗin cizo, wanda ya daɗe yana addabar gidajen birnin. In inji ya lalace, ciwon kan mai shago ne. Wanda ba shi da lokacin zama yana iya ajiye kaya, a auna da laba, a wanke a ninke, ya dawo ya karɓa. Ga baƙo kuma shagon wata majalisa ce: a nan ake jin labarin ɗakin da ya fita, da inda ake neman ma'aikaci, da masallacin da ya fi kusa.

Lissafin dala da lissafin sa'a

A 2010, likitan nan ɗan Suwidin Hans Rosling ya yi wata shahararriyar lacca a kan injin wanki. Ya ba da labarin ranar da iyayensa suka sayi nasu na farko, da yadda mahaifiyarsa ta sami sararin zuwa laburare da karanta masa littattafai da lokacin da injin ya maido mata. Ya ƙiyasta cewa a cikin mutum biliyan bakwai na duniya a lokacin, biliyan biyu ne kawai ke da wannan gata. A wannan shekarar ne ma masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang, ɗan Koriya ta Kudu, ya kafa hujjar cewa injin wanki ya fi intanet sauya rayuwar jama'a, saboda yadda ya 'yanta hannun mata. Wannan ita ce gaɓar zancen. Ɗan hayar da ya biya ƙari don inji a cikin ɗaki, lokaci yake saya, kuma yawanci lokacin mace ne.

Bari mu ƙaddara misali, kowa ya cire waɗannan alƙaluma ya sa nasa. Iyali mai yara uku na zuwa shago sau ɗaya a mako. Tsakanin ɗaura kaya, tafiya, jiran inji, wanki, busarwa, ninki da komowa, sa'a biyu da rabi sun tafi. A shekara, sa'a 130 ke nan, wato fiye da ranakun aiki 16. A ce suna kashe dala 25 kowane zuwa, ya kama dala 1,300. A ce kuma fulat mai inji ya ɗara irinsa marar inji da dala 200 a wata, wato dala 2,400 a shekara. Bambancin dala 1,100 ne, in aka raba shi a kan sa'a 130, kowace sa'a ta tashi ƙasa da dala 9. Mafi ƙarancin albashi a birnin kuwa dala 16.50 ne a sa'a a 2025. Ko an ƙara kuɗin wutar da injinan za su ci, wannan iyali sun yi ciniki mai kyau.

Yanzu a ɗauki gwauro mai zuwa shago sau ɗaya a mako biyu, yana kashe dala 10. A shekara dala 260 ya kashe, sa'a 65 ya ɓata. In ya ɗauki wancan fulat, kowace sa'a da ya fansa ta tsaya masa sama da dala 30. Gare shi, shagon da ke kwanar layi ya wadatar.

Da a nan lissafin ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma akwai wata al'ada a kasuwar hayar Niyok: masu gidaje kan nemi shaidar cewa abin da mutum ke samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40. Saboda haka ƙarin dala 200 a wata na nufin sai albashin shekara ya ƙaru da dala 8,000 kafin ma a karɓi takardar mutum. Sannan fulat mai inji yawanci a sabon gini yake, ko wanda aka yi wa kwaskwarima, mai lif da mai gadi da ɗakin motsa jiki, kuma duk a dunƙule ake sayar da su. Wanda ya zo neman wurin wanke kayan jariri sai ya tarar dole ya biya har da abubuwan da ba zai taɓa amfani da su ba. Ga kuma ƙarancin gidaje: binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 ne kawai na gidajen haya ke ba kowa, mafi ƙanƙanta tun 1968. A irin wannan kasuwa, mai nema ba shi da bakin taya farashi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga alƙalami. Mai jego na wankin jariri kusan kullum. Matan da ke aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidaje, waɗanda 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa a cikinsu, na dawowa da kayan aikin da bai kamata su kwana a kwando ba. Direban tasi da ya kwana a kan titi ba ya son ya miƙa wa shago ranar hutunsa ɗaya tilo. Uwar gida da ta tashi da kunya ba ta jin daɗin baje ƙananan kayanta a teburin ninki gaban mazan da ba ta sani ba. Musulmi da yawa sun fi samun natsuwa in sun san abin da ya shiga inji kafin kayan sallarsu. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe birnin, an bar shagunan wanki a buɗe a matsayin sana'ar da ba makawa sai da ita, don haka masu inji a ɗaki suka kulle ƙofa suka zauna, marasa shi suka ci gaba da fita suna cuɗanya. A wannan shekarar har sulalla sai da suka yi ƙaranci a ƙasar.

Abin da talla ba ta faɗa

Duk da haka, inji a cikin ɗaki amana ce da ke da nauyinta. Babban haɗari shi ne ruwa. Tiyon roba da ke kai ruwa ga inji yana cike dare da rana, in ya tsufa yakan fashe, kuma a bene ruwa ƙasa yake nufa. Awa ɗaya ta ishe shi ya lalata silin da daɓen gidaje biyu ko uku. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan bene sau da yawa maƙwabci ne ke fara sani. Maganin abin ba tsada gare shi ba: tiyo mai saƙar ƙarfe, faranti a ƙarƙashin inji, rufe famfo in za a yi tafiya, da inshorar ɗan haya wadda ke ɗaukar ɓarnar da aka yi wa wani.

Sai gobara. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa injinan busarwa na haddasa gobara kusan 2,900 a gidaje duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku rashin tsaftacewa ne ke jawo su. Burbushin zaren da ke taruwa a rariyar inji da cikin bututun iska kamar audugar rimi yake, tartsatsi kaɗan yake jira. Kwashe shi bayan kowane busarwa wajibi ne, haka kuma kada a kunna inji a fita ko a kwanta barci.

Girman injin ma abin dubawa ne. Wanda ake sawa a fulat yawanci ƙarami ne mai faɗin inci 24, ba ya ɗaukar babban bargo. Irin wanda ke wanki ya kuma busar a ganga ɗaya, ba tare da bututun iska ba, yakan ɗauki sa'o'i uku ko fiye kafin ya gama ɗauka ɗaya. Ga iyali mai yawa, wannan wankin hula ne da zai kai su dare. Injin mai ƙofa a gaba yakan yi fumfuna a robar bakinsa in ana rufe shi da danshi, barin ƙofarsa a buɗe kuma haɗari ne a gidan da ke da mai rarrafe, sai dai a kulle lungun gaba ɗaya. Sannan ba kowace tufa ce ta inji ba. Zafin busarwa na kashe ƙyallin shadda, yana tsuke yadin auduga, yana tayar da zaren aikin babbar riga. Waɗannan da hula, har gobe hannu suka sani, a rataye su a banɗaki su sha iska. Shanya a matakalar ƙarfen da ke jikin taga kuwa doka ta hana, domin hanyar tsira ce ranar gobara.

Kafin a sa hannu

Gani ya kori ji. Mai neman gida ya buɗe lungun da kansa, ya ce a kunna inji a gabansa, ya saurari ƙararsa, ya duba ko akwai tabon ruwa a daɓe ko a bango. Ya tambaya ko na busarwar na wuta ne ko na gas, ina tururinsa ke fita, kuma a mitar wa yake. Ya tambayi wanda zai yi gyara in ya lalace, da kwana nawa ake ɗauka. Duk amsar da aka ba shi, ya nemi a rubuta ta a takardar haya, domin alƙawarin dillali a bakin ƙofa ba ya zama hujja a gaban alƙali.

Ya kuma san haƙƙinsa. Dokar da jihar Niyok ta kafa a 2019 ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ta ƙayyade kuɗin binciken takardar mai nema a dala 20, ta kuma wajabta a mayar da kuɗin ajiya cikin kwana 14 bayan tashi, tare da bayanin duk abin da aka cire. Tun daga watan Yunin 2025, dokar birni ta ɗora la'adar dillali a kan wanda ya ɗauke shi aiki, bayan an shafe shekaru 'yan haya na biyan har kashi 15 cikin 100 na hayar shekara ga dillalin da mai gida ya nemo. A gidaje kusan miliyan ɗaya da hukuma ke ƙayyade ƙarin hayarsu, abin da mai gida ya tanada a matsayin ɓangaren haya ba ya da ikon janye shi yadda ya ga dama.

Wata shawara da ake yawan raɗa wa baƙo ita ce ya sayi ƙaramin inji mai taya, ya haɗa da famfon kicin a ɓoye. Ana fahimtar abin da ke tura mutane ga haka. Amma in takardar haya ta hana, wannan saɓa yarjejeniya ne da zai iya kai mutum kotu, in kuma ruwa ya sauka wa na ƙasa, shi zai biya. Gara a nemi izini a rubuce, ko da za a ƙara ɗan wani abu a wata.

Wanda aka bari a baya

Ƙanƙantar ɗaki ba ita ce ke hana inji ba. A Landan, injin wanki na zaune a ƙarƙashin kantar kicin ko a fulat mafi matsi. A Jamus ɗan haya yakan zo da nasa, ya tarar da wurin haɗawa na jiransa. A Tokyo ƙananan ɗakuna ma yawanci na da gurbin inji, a shanya a baranda. Suwidin ta bi wata hanya: ɗakin wanki na tarayya, wanda kowane gida ke kama sa'o'insa tun da wuri, in lokacinsa ya zo ba mai takura masa. Su ma injinan sun sauya. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka, wanda aka fara a 1992, ya nuna injin da ya cika ƙa'idarsa galan 14 yake sha a wanki ɗaya, wato kusan lita 53, jarka biyu da 'yan kai ta mai garuwa. Akwai kuma sababbin injinan busarwa da ba su bukatar huda bango, wasunsu ma da soket na yau da kullum suke aiki. Wani ɓangare na dalilan hanin ya fara tsufa.

Dokar birnin Niyok ta tilasta wa mai gida ya ɗumama ɗaki daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, ya kuma ba da ruwan zafi duk shekara. A kan wanki ba ta ce komai ba. Wannan shiru yana da waɗanda yake cutarwa. A garin Newark da ke maƙwabtaka da Niyok, shugaban wata makarantar sakandare, Akbar Cook, ya gano ɗalibansa na ƙaurace wa aji saboda ana yi musu ba'a kan dattin kayansu, har a 2018 ya buɗe musu ɗakin wanki kyauta a cikin makarantar. In har yaro zai rasa darasi saboda riga, to wanki ya wuce a kira shi ƙawa.

Abin da ke damuna shi ne kasuwar ta juya bukata a bai-bai. Wanda ya fi ƙarancin kayan wanki shi ya fi samun inji, uwa mai yara huɗu a hawa na biyar ita ce ke sauka da buhu. Gyaran bai fi ƙarfin birnin ba. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi da ake ginawa yanzu, a sa musu famfo da magudanar inji tun bango bai rufe ba, lokacin da aikin ke da araha. Tsofaffin gine-gine, a maye gurbin hanin bai ɗaya da binciken mai aikin famfo, inda bututu zai ɗauka a ba da izini. Inda ba zai ɗauka ba, a inganta ɗakin tarayya: haske, tsafta, tsaro, injina masu aiki, da tsarin kama lokaci.

Kafin a kai ga wannan, hukunci na hannun kowane magidanci da ke riƙe da tallar gida biyu yana auna su. Zai kwatanta kuɗin haya, da nisan tashar jirgin ƙasa, da makarantar yara, duk daidai ne. Amma sa'a 130 ɗin nan ba a rubuta su a ko ɗaya daga cikin takardun ba, kuma sau da yawa ba daga rayuwarsa ake cire su ba. Kafin ya sa hannu, ya zauna da wadda ke tura keken ranar Asabar, ya tambaye ta abin da za ta yi da su in an maido mata.